Karatun shari'a bayan BAC: a duba ƙarshen hanya kafin a biya kuɗin rajista

Da zarar sakamakon BAC ya fito, tambayar da iyaye suka fi aiko mana nan gidan rediyo ita ce: yaro na son karatun shari'a, "duruwa" kamar yadda ƴan lakkol ke cewa, to ina za a kai shi? Amsarmu kan fara da wata tambayar. Me yake son ya zama in ya gama? Alƙali, lauya, magatakardan kotu, ko ma'aikacin banki mai duba yarjejeniyoyi? Kowane da ƙofarsa, kuma ba kowace takarda ke buɗe ta ba.

Jami'o'inmu suna bin tsarin LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan dakta ga mai son koyarwa ko bincike. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, lisans kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Dokar UEMOA ta 2014 da ta tsara aikin lauya a ƙasashen ƙungiyar ta buƙaci masta a fannin shari'a wadda hukumar CAMES ta amince da ita, ko takardar da ta yi daidai da ita. Bayan haka sai jarrabawar CAPA, sai kuma horo na shekara 3 a ofishin wani lauya. Ku lissafa da kanku: shekara 8 ke nan, in ba a maimaita aji ba, in kuma yajin aiki bai ci wata shekarar ba. Mai son alƙalanci shi ma sai ya ci gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN da ke Yamai, kuma gurabe ba su da yawa. Gidan da zai ɗauki nauyin yaro ya kamata ya san wannan tun ranar farko, ba sai ya sayar da rago da hatsi na shekara uku ba sannan a ce masa saura.

A ɓangaren gwamnati, wurare biyu aka fi sani. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mai tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa, FSJP. Akwai kuma Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, mai tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, FADEG. Yamai na kusa da manyan kotuna da ma'aikatu da ofisoshin lauyoyi, don haka samun wurin sitaj ya fi sauƙi, sai dai ajin farko cike yake maƙil, haya da abinci kuma da tsada. Tawa ta fi kusa ga ɗan Konni ko Madawa ko Maraɗi. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi kuwa an fi saninta da kimiyya, noma da likitanci, kada a ɗauka kowace jami'a na koyar da komai. Ga wanda ya fito daga makarantar faranko-arab, Larabcinsa da ƙarfi, akwai Jami'ar Musulunci ta Say, inda ake karanta shari'ar Musulunci. Amma ya riƙe Faransancinsa da kyau, don dokokin da kotunanmu ke aiki da su da Faransanci aka rubuta su.

Inda muka fi son a buɗe ido shi ne makarantu masu zaman kansu. Akwai na kirki a cikinsu, ba mu musa ba. To amma allo mai kyau a bakin titi da talla a rediyo, ko da a namu ne, ba su ne shaida ba. Ku je da ƙafarku. Ku ce a nuna muku takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ku duba ko izinin ya shafi fannin shari'a ne kansa, ba makarantar kawai ba. Ku tambaya ko CAMES ta amince da wannan lisans ko mastar ɗin. Ku tambayi su wa ke koyarwa, ko akwai ɗakin karatu mai littattafan doka na yanzu, da kuma ɗalibansu nawa suka taɓa cin gasar alƙalanci ko CAPA. In aka fara kewaye-kewaye wajen amsa, kun ji amsar ke nan.

Wasu iyaye, musamman a Maraɗi da Damagaram, kan yi tunanin tura yaro Kano ko Sakkwato tunda ga dangi can. Ga likitanci ko injiniyanci wannan wata magana ce. Ga shari'a kuwa a yi hattara: Najeriya ta gaji tsarin Ingila, mu namu ya samo asali daga na Faransa, kuma dokokin kasuwancinmu na OHADA ne, wadda ƙasashe 17 ke ciki, babu Najeriya. Wanda ya karanto can ya dawo, sai ya nemi a daidaita takardarsa, ya kuma koyi dokokin gida kusan daga farko.

Cikin karatun kansa, gaba kaɗan za a ce ɗalibi ya zaɓa tsakanin reshe biyu. Duruwa pirive ya shafi mu'amalar mutane da junansu: aure, gado, ciniki, bashi, laifuka. Nan masu son zama lauya ko alƙali ko notar suka fi bi. Duruwa piblik ya shafi hukuma: tsarin mulki, gudanarwa, haraji, hulɗar ƙasashe, hanyar masu son aikin gwamnati ko gasar ENA.

Wani abu da ba a cika faɗa wa yara ba: ɗan karkara yana da jari a wannan fanni. Kotunanmu na aiki da al'ada a shari'un aure, saki, gado da gonaki, alƙali na zama tare da masana al'ada. Tun 1993 kuma akwai Kod Rural da kwamitocin filaye, COFO, masu rubuta shaidar mallakar gona da shata burtali don rage rikicin manoma da makiyaya. Yarinyar da ta tashi tana jin Hausa da Fulatanci ko Tamashek, ta san yadda ake aron gona da jingina a ƙauyensu, in ta haɗa da karatun doka, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi suna da buƙatarta.

Kafin a cike takardu, ɗalibi ya gwada kansa da abu guda: ya je kotun garinsu ranar zaman shari'a, tunda yawanci a buɗe yake ga kowa, ya zauna daga safe har a tashi. Ya kuma leƙa hukumar ANAB ya ji sharuɗɗan bursi na bana, tun ba a rufe karɓar takardu ba.