Daga Funtuwa Zuwa Zariya Da Dawowa: Yadda Ake Cin Moriyar Yini Ɗaya

Ana idar da sallar asuba tashar mota a Funtuwa take fara motsi. 'Yan kamasho na ta kiran Zariya, Samaru, Kwangila, saura mutum ɗaya. A cikin motar ga dattijo da katin asibiti a aljihun gaba, ga ɗalibi rungume da takardu, ga mai shago da zai yi sari a Sabon Gari, ga manomin Bakori da ya ji labarin sabon irin masara. Kowannensu da niyyar kwana a gida ya fito. Yawancinsu kuma da abu ɗaya tak za su dawo, wanda ya kai su, sai gajiya, alhali yinin zai iya ɗaukar fiye da haka.

Tsakanin Funtuwa da Zariya bai kai kilomita 100 ba. In hanya ta yi kyau, wanda ya tashi da bakwai zai isa kafin tara, ya samu kamar awa shida ko bakwai kafin La'asar. A Turai irin wannan tafiya ta zama al'ada: mutumin Landan yakan shiga jirgin ƙasa da safe, cikin awa biyu da 'yan mintuna ya sauka a Faris, ya yi yawonsa ya koma gida da dare. Shi lokacin tashi a rubuce yake a jikin tikitinsa. A nan mota ba ta tashi sai ta cika, don haka motar farko ita ce ta mai son cin riba. Wanda ya iso tasha da hantsi zai zauna jiran fasinja har rabin yininsa ya tafi. Mutumin Malumfashi kuwa sammakonsa sai ya fi na kowa, ko ya biyo ta Bakori da Funtuwa, ko ya yanke ta Ƙafur da Hunƙuyi.

Babban abin da ke taimakon baƙo shi ne hanyar da kanta ta jera masa wurare. Daga Funtuwa, in an wuce Giwa, sai Shika, sai Samaru, sai Palladan, sai Kwangila. Daga nan a gangara Sabon Gari, a haura Tudun Wada, a shiga birni ta Ƙofar Doka. Wanda ya bi wannan jeri ba ya maimaita hanya, ba ya biyan kuɗin keke napep sau biyu. Mutane da yawa sukan bari mota ta kai su har Kwangila, sannan su sake shiga bas su koma Samaru, wurin da suka wuce minti ashirin da suka gabata. Gaya wa direba tun daga tasha inda za a sauka yana hana wannan asara.

Abin da ke da lokacin rufewa shi ake fara yi. Mai zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika zai sauka, kuma tun daren jiya ya kamata ya haɗa takardar da likitan garinsu ya ba shi, da tsohon kati, da sakamakon gwaji, da kwalayen magungunan da yake sha. Layin kati da safe yake, ɗakin gwaji ma haka. Ranar ganin likita ba ranar dogon buri ba ce. In an fito da wuri, abin da ya rage na yinin kyauta ne. Ɗan rakiya mai ƙarfi a jika shi zai iya leƙawa Samaru ya dawo kafin a kira mara lafiya, in akwai wanda zai zauna da shi.

Ga manomi kuwa, Samaru ce zuciyar tafiyar. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai cibiyar binciken ta koma ƙarƙashinta. Duk irin da sunansa ya fara da SAM daga nan ya fito: SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMCOT auduga, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake. Amfanin da ake nomawa daga Dandume zuwa Ƙafur ke nan. Akwai irin masara da aka tace don ya jure wa wuta-wuta, akwai mai nuna da wuri saboda shekarar da ruwa ya ɗauke. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cin galabarsa, abin da ke rage yawan feshi.

Malaman gona sun fi jin daɗin manomin da ya zo da tambaya a shirye. Jigawa ce gonar ko fadama? Me aka shuka bara, buhu nawa aka samu, wane taki aka sa? Wanda ya ɗauko hoton ganyen da ya lalace a wayarsa, ko ya ƙunso shi a leda, cikin minti goma zai ji abin da zai yi shekara yana amfani da shi. A nan Samaru kuma akwai NAERLS, hukumar da aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma, a Shika kuma akwai NAPRI ta binciken dabbobi, inda aka samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown. Mai kiwo da manomi kowa da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Rana na take tsaka sai a nufi Sabon Gari, unguwar da ta tashi da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20. Daga nan Zariya ne layin dogo ya miƙe zuwa Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda, a da yana kwasar auduga da gyaɗa. Kasuwar tana cinye lokaci in an shiga ba tsari. A rubuta abin da za a saya, a tanadi canji a hannu saboda turawa ta waya ba kullum take tafiya ba, a bar kaya masu nauyi wurin mai shagon har lokacin komawa. A nan ne ya fi dacewa a ci abinci a yi Azahar.

Abin da ya rage bai wuce awa biyu ba, kuma wuri ɗaya kawai za su ɗauka. Zaɓi uku ne a gaban baƙo.

Na farko Tudun Wada, inda ginin Gaskiya yake. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Uban da ya tsaya a shagon littattafai ya saya wa yara Magana Jari Ce ya kai musu tsarabar da za ta daɗe fiye da biredi.

Na biyu birni. Da an shiga Ƙofar Doka ana ganin ragowar ganuwar da tarihin baka ke dangantawa da Sarauniya Amina. Hanya ta miƙe zuwa fadar Zazzau, mai zane-zane masu launi a fuskarta, inda Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli yake sarauta tun 2020, bayan rasuwar Sarki Shehu Idris da ya hau a 1975. Daf da fadar ne babban masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, da ƙasa da azara kawai, ya ɗaura bakan gizo masu ban mamaki. A watan Agustan 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, aka yi rashin rayuka, daga baya aka shiga aikin sake gina shi. Unguwar Babban Gwani tana nan da sunanta, kuma a lungunan birni har yau ana iske maɗinka zaune a zaure suna ɗinkin babbar riga da hannu. Baƙo yakan yi sallama ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, musamman a ƙofar fada, inda dogarai za su nuna masa iyakar da zai tsaya.

Na uku Wusasa, a gindin Dutsen Kufena, inda 'yan mishan suka koma a 1929 suka gina coci da ƙasa irin ginin Hausa. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Ranar tafiya ma abin dubawa ce. Ofisoshi da cibiyoyin bincike Litinin zuwa Juma'a suke aiki, kuma aikin Juma'a gajere ne saboda masallaci, sai dai ita ce ranar da birni ya fi cika da kwarjini. Mai neman iri ya je tun bazara, kafin ruwan farko, kada ya bari sai maƙwabta sun fara shuka. Mai son yawon buɗe ido da iyali kuwa, bayan kaka ya fi, lokacin da amfani ya shigo gida, rana kuma ta yi sauƙi.

Batun komawa ba a wasa da shi. Shekarun nan yankin Giwa da kewayen Funtuwa sun sha fama da 'yan bindiga, direbobi da fasinja duk sun fi son su wuce da sauran rana. La'asar ta riski matafiyi a tasha, kayansa a but, wayarsa da caji, mutanen gida sun san motar da ya shiga. Na Malumfashi ya riga kowa tashi, tunda akwai sauran tafiya a gabansa. In an yi haka, ana kiran Magariba motar na shiga Funtuwa, manomin Bakori ya sauko da ƙullin irin SAMMAZ a hannu da littafi a aljihu, ya tsallaka titi ya nemi motar garinsu.