Yumɓun Da Ya Dace Da Hannun Yaro

Da zarar malama ta ce a zo da aikin hannu, sai ka ga iyaye a Kasuwar Wuse suna zaga rumfunan kayan makaranta, suna cigiyar yumɓun roba mai launi-launi. Ba laifi ba ne, amma irin wanda ake haɗawa da mai ba ya bushewa, ba ya gasuwa. Yau yaro ya gina doki, gobe zafi ya lanƙwasa masa wuya.

Abin da ke damuna shi ne, a Wusen nan akwai titi mai sunan Ladi Kwali, maginiyar da hotonta ke bayan naira 20. Ita ce mace ta farko da ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954. Ga Ushafa kusa da Bwari, inda mata ke ginin tukwane har gobe, ƙauyen da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Amma yaranmu da yawa ba su taɓa damƙar yumɓun gaske ba.

Ba kowace laka ce yumɓu ba. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, masu faɗi kamar faifai. Ruwa ya shiga tsakaninsu, sai su riƙa sulɓi a kan juna ba tare da sun rabu ba. Daga nan danƙonsa yake. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: jiƙa ɗan curi, murza shi ya zama igiya mai kaurin fensir, ka naɗa a yatsa. In ya tsattsage, yashi ya yi yawa. In ya cika danƙo, zai tsuke sosai wajen bushewa har ya fashe, shi ya sa magina ke daka tsingaro su cuɗa a ciki.

Don Allah kada a tura yaro ɗibar lakar kwata ko ta bakin bola. Akwai ƙwayoyin cuta da fasassun kwalabe. Fenti ma na ruwa ya fi, domin wasu fentin mai na ɗauke da dalma.

In an gama gini, a shanya a inuwa, a lulluɓe da leda a kwanakin farko, musamman lokacin hunturu. Teburin kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, don ƙurar busasshen yumɓu na cutar da huhu.