Yadda Ake Jera Sautuka Da Lambobi A Fiyano Da Manhajojin Kiɗa Na Waya

Matashin da ya haɗa kiɗa a wayarsa a unguwar Kusugu da ke Daura, ya tura fayil ɗin MIDI zuwa situdiyo a Kano, yana iya mamakin jin sarewarsa ta koma wani sauti daban. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, lamba ce ta saɓa. Fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, umarni kawai yake ɗauka: a kaɗa sauti mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, na tsawon lokaci kaza. Shi ya sa ba ya cin data, kuma da shi aka yi yawancin kiɗan kira na tsofaffin wayoyi.

Asalin Lambobin

A shekarar 1964 Robert Moog na Amurka ya nuna injin haɗa sauti wanda ake harhaɗa shi akwati-akwati da wayoyi, kowane akwati da aikinsa da lambarsa. Lamba 901 ita ke haifar da sauti, 902 ta ƙara ko rage ƙarfinsa, 904 ta tace shi. A 1995 kamfanin Doepfer na Jamus ya fito da tsarin A-100 a kan irin wannan hanya: A-110 mai haifar da sauti, A-120 matata, A-130 mai kula da ƙarfi, A-140 mai tsara tashin sauti da mutuwarsa. Da ganin lamba, masani ya san dangin akwati.

Tsarin General MIDI

An fara amfani da MIDI a 1983, amma a lokacin kowane kamfani da jerinsa. Lambar da ke nufin jita a wannan fiyano tana iya zama ƙaho a wancan. A 1991 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da General MIDI, wato GM: sautuka 128, an kasa su dangi 16, kowane dangi da sautuka 8. Ga kaɗan daga ciki:

1 zuwa 8: fiyano
25 zuwa 32: jita
33 zuwa 40: bes
57 zuwa 64: kayan busa na ƙarfe
73 zuwa 80: sarewa da danginta
105 zuwa 112: kayan gargajiya na ƙasashe
121 zuwa 128: ƙararraki irin su tafi, jirgi mai saukar ungulu da harbin bindiga

Ganguna kuwa gidansu daban. Daga cikin tashoshi 16 na MIDI an ware musu ta 10, inda kowane maɓalli yake bugun abu guda: 36 babbar ganga, 38 ƙaramar ganga mai zaga.

Inda Ake Samun Tangarɗa

Wasu na'urori suna fara ƙirga daga 0 zuwa 127, wasu daga 1 zuwa 128. Sarewar da ke 74 a wannan manhaja sai a same ta a 73 a waccan. Idan sauti ya kauce da taki ɗaya, nan ya kamata a fara dubawa. Sannan Roland ya yi ƙarin jeri mai suna GS, Yamaha kuma XG. Kiɗan da aka gina da waɗannan ƙarin sautuka yakan canja kama a na'urar da GM kaɗai ta sani.

Ina Kalangu Da Algaita?

Dangin kayan gargajiya yana da sitar da shanai na Indiya, koto da shamisen na Japan, sai kalimba a lamba 109. Babu kalangu, babu goge, babu kakaki, babu tamburan da ake ji a ƙofar fadar Sarkin Daura lokacin Sallar Gani. Abin da ya fi kusa da algaita shi ne shanai a lamba 112, goge kuma 111, amma kama da wane ba ta wane. Kalangu ya fi su wuya, domin maganarsa tana fitowa ne daga matse tsarkiya da sassauta ta, lamba ɗaya ba ta iya riƙe wannan.

Mafita ita ce a naɗi sautin daga hannun makaɗi, da izininsa, a wuri marar hayaniya, sannan a loda shi a manhaja irin FL Studio Mobile ko BandLab.

Kafin A Tura Ko A Saya

Mai tura aiki ya haɗa fayil ɗin MIDI da kwafin MP3, don mai situdiyo ya ji abin da ake nufi. Sautukan da aka naɗa da kai a tura su a matsayin WAV, tunda MIDI ba zai ɗauke su ba. Mai sayen fiyano na hannu kuma ya duba tambarin GM ko XG a jikinsa, ya gwada fayil ɗinsa a kai tun kafin kuɗi su bar aljihu.