Babur na Farko: Shawara ga Ɗan Koyo

Shirinmu na yau ya shafi al'amarin da ke hana samari barci, har ma da magidanta, wato irin babur ɗin da ya kamata mutum ya fara mallaka alhali hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Galibin masu sayen babur na farko wurin dillali suke fara zuwa, ko su tsaya ƙofar kanti suna kallon fenti da girman tanki har zuciyarsu ta kwanta da wanda ya fi ƙyalli. Amma ni a ganina, da mutum zai yi wa kansa adalci, da wurin bakaniken unguwarsu zai fara sauka, ya zauna a benci, ya tambaye shi wane babur ne ya fi sabawa da kwance injinsa, kuma wanne ne ake samun fuloginsa da sarƙarsa da kayan birkinsa a kasuwar garin ba sai an aika Kano ko Nnewi ba. Wannan ne sababin da ya sa Boxer, ƙirar kamfanin Bajaj na Indiya mai inji 100cc, ya cika hannun 'yan acaɓa, domin mutumin da abincin iyalinsa ke rataye da babur ba ya sayen abin da zai kwana uku a gareji yana jiran kayan gyara. Tsohuwar Jincheng da aka yi yayi kafinsa tana da zafin tashi, sai dai tana ƙona baƙin mai tare da fetur, ga hayaƙi, ga yawan kashe fulogi.

To, ga wanda bai taɓa riƙe kan babur ba, akwai wanda ya fi Boxer sauƙi, shi ne wanda jama'a ke kira roba-roba. Asalin wannan fasali daga Japan yake, inda kamfanin Honda ya fito da Super Cub a 1958, kuma ya zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Na Haojue da Lifan da ke zuwa mana daga Sin duk sawunsa suka bi. Hikimar da ke cikinsa ita ce babu kulochi na hannu, sai dai mahayi ya sassauta totur ya taka giya, shi ke nan. Saboda haka hankalin ɗan koyo, wanda da ma a rabe yake tsakanin rami da akuya da mai Keke Napep da ke tsayawa ba sigina, ba zai ƙara rabuwa wajen sakin kulochi ba, wanda shi ne ke kashe wa sabon shiga inji a tsakiyar mahaɗa ana ta danna masa hon. Wasu samari kan raina shi, wai babur ɗin mata da dattawa ne, magana ce ta fariya wadda ba ta da hujja ko ɗaya. Aibinsa na haƙiƙa dai shi ne ba ya son yashi da kaya masu nauyi, don haka manomin da zai ɗaura buhun masara ya bi hanyar ƙauye, Boxer ko TVS ya fi dacewa da shi.

Kowanne aka zaɓa, sharaɗi ne mai saye ya hau ya zauna, ya ga ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa sosai, ya kuma karkatar da babur ɗin kaɗan ya ji ko zai iya tashe shi shi kaɗai. Inji 100cc zuwa 125cc ya wadatar.

Wanda aljihunsa bai kai sabo ba, sai na hannu, a nan ne ake bukatar natsuwa. Ya je da sassafe, ya dafa inji ya tabbata da sanyinsa, domin dillali mai wayo yakan ɗumama shi tun kafin mai saye ya iso. Sa'an nan a tayar a gabansa, ya sunkuya ya dubi bakin salansa, in ya ga shuɗin hayaƙi daga babur ɗin da ba irin Jincheng ba, to, injin yana shan baƙin mai, aiki na jiransa. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da haja idan an ɓoye masa aibinta, amma kowa ya san wahalar karɓo kuɗin da ya riga ya shiga aljihun wani. Mafi muhimmanci, a gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke rubuce a rasit, a yi ciniki gaban shaidu, domin babur mai arha marar takarda shubuha ce da kan ƙare a ofishin 'yan sanda.

Kuɗin hular kwano kuwa cikin kuɗin babur ake lissafa shi. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta a Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ɗan koyo ya nemi ta gaske, wadda ta kama kansa daidai ba ta rawa, ya kuma ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa kafin ya buga kik.