Yadda wutar sola ta rikita kamfanonin lantarki a Pakistan

A shekarar 2024 kaɗai, Pakistan ta shigo da farantan sola masu ƙarfin kusan gigawat 17, galibinsu daga China. Ba wani shirin gwamnati ba ne ya jawo hakan. Kuɗin wuta ne ya yi tashin gwauron zabo, ga ɗauke wuta ba dare ba rana, a daidai lokacin da farashin farantan ya faɗi warwas. Manoma, masu masana'antu da magidanta suka yi ta kafa su a kan rufin gini da cikin gonaki.

Matsalar kamfanonin wuta ita ce yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da masu tashoshin samar da lantarki: dole a biya su ko an sha wutarsu ko ba a sha ba. Duk mai hali da ya koma sola, kasonsa na wannan nauyi yana faɗawa kan waɗanda suka rage. Kuɗin wuta ya ƙaru, wasu ma su tsere.

A 2025 gwamnati ta sanya harajin kashi 10 cikin ɗari kan farantan da ake shigowa da su. Talaka mai zaman haya, wanda ba shi da rufin kansa, yana cikin waɗanda aka bari da nauyin tsadar wuta.