Abin Da Ke Cin Haƙori

A ƙasarmu ta Tambuwal da Kebbe, in haƙorin yaro ya yi kogo, sai a ce tsutsa ce ta shige shi. To, jama'a, babu wata tsutsa. Tun shekarar 1890 wani likitan haƙora mutumin Amurka, W. D. Miller, ya bayyana asalin abin.

Ga yadda ya ke. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙora. Abincinsu zaƙi ne. Da mutum ya sha alewa, ko mazarƙwaila, ko shayi mai sukari, sai su mai da zaƙin nan tsami, tsamin kuwa ya dinga narkar da farin ɓawon haƙori har wajen rabin sa'a. Bayan haka yawu ya kan wanke shi, ya gyara ɓarnar. Saboda haka yaron da ya wuni yana tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya ya fi cutuwa bisa wanda ya shanye tasa gaba ɗaya bayan cin tuwo, domin na farkon bai bar wa yawu sararin aiki ba.

Mu da za mu koyar da ƙananan yara, ga abin lura. Haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32. Wajen shekara 6 turame huɗu na girma su kan tsiro can ƙurya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye su kan zaci na yarinta ne, su ce ai famfara za ta ɗauke su. Alhali kuwa in sun ruɓe, ba su da madadi har abada.

Rigakafin ba wuya. Mu hori almajiranmu su goge haƙora safe da dare, da asuwaki ko buroshi, su kai har ƙurya. Na dare ya fi muhimmanci, don yawu ya kan ragu cikin barci. Man goge baki mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa ɓawon. Zaƙi kuwa a bar shi sai lokacin abinci, a kurkure baki bayansa.

In mun ga baƙin ɗigo a turmin yaro, mu gaya wa mahaifinsa ya kai shi ga likitan haƙora tun kogon bai kai jijiya ba, domin a cike shi maimakon a cire. Allah ya ba mu lafiya, amin.