Babi na Bakwai: Daga Ɗa'if Zuwa Jidda, Tafiyar Neman Iska

Duk wanda ya ce maka ƙasar Saudiyya rairayi ce shimfiɗe daga farko har ƙarshe, ka tambaye shi ko ya taɓa kwana a Ɗa'if cikin watan Janairu ba bargo. Maganar nan ta "ai duk hamada ce" ta daɗe tana ci mini rai. Masu faɗinta yawanci sun sauka ne a filin jirgi, aka zuba su cikin bas, labule a sake, suka yi ibadarsu suka dawo gida. Allah ya karɓa, amma wanda bai leƙa taga ba bai kamata ya ba da labarin ƙasa ba. Gabas da Makka kaɗan akwai jerin duwatsun Sarawat, waɗanda suka miƙe kudu har cikin Yaman, kuma a gadon bayansu garin Ɗa'if yake zaune, wajen mita 1,800 sama da teku. Jos da muke yi wa kirari da sanyi ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba.

Yadda duwatsun suka samu, masana ƙasa sun ce yankin Larabawa ya tsage ne daga jikin Afirka miliyoyin shekaru da suka wuce, ruwa ya cika tsagar ya zama Bahar Maliya, gefen tsagar kuma ya ɗaga sama. Shi ya sa ta gabas hawan a hankali yake, ta yamma kuwa gangara ce a tsaye kamar bango. Wannan ya isa. Abin da ya dame mu shi ne, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, don haka tun zamanin da can masu hali na Makka suke gudowa nan idan bazara ta yi tsanani. Ga inabi, ga rumman, ga ɓaure, ga zuma. Mai karatu ya san labarin ranar da mutanen garin suka jefi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake a wata gona, bawan nan Addasu ya kawo masa inabi. Gonar inabi ce, ba inuwar dabino a tsakiyar yashi ba. Har yau ana tsinkar furen wardi na Ɗa'if da sassafe cikin watannin Maris da Afrilu, kafin rana ta kwashe ƙamshin, a dafa shi a manyan tukwanen tagulla, kuma ruwansa na cikin abin da ake haɗawa da zamzam wajen wanke Ka'aba.

Hanyar da nake so a bi ita ce ta Hada. Akwai wata ta Sailul Kabir, ta fi sauƙi, manyan motoci can suke bi, amma ba abin da za ta koya maka. Ta Hada an buɗe ta ne a tsakiyar shekarun 1960, zamanin Sarki Faisal, an sassaƙe ta a jikin Dutsen Kara. Kafin a fara gangara ana wuce miƙatin Wadi Muhrim, inda mai niyyar umara yake ɗaura harami. Daga nan sai ƙasa ta ƙare a gabanka. Kwana ce ke bin kwana, kana hango titin da za ka bi nan da minti biyar yana kwance ƙarƙashin ƙafarka, kunne na toshewa sai ka haɗiyi yawu. Wani lokaci hazo kan rufe dutsen har a hana wucewa gaba ɗaya.

Direban da ya sauko da ni haifaffen Makka ne, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya taka da ƙafa. Da muka ji ƙaurin birkin wata mota da ke gabanmu, sai ya girgiza kai ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama. Dutse ba a sauka da birki, da giya ake sauka." Gaskiya ya faɗa. Birkin da aka danne ba hutu yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa, amma idan aka sa ƙaramar giya, injin ne ke riƙe motar. Masu sakin mota ba giya a gangara don wai su rage shan mai, ransu suke sayarwa a kan kuɗin lita guda. A gefen titin kuma akwai gwaggon biri garke-garke, zaune kan katangar kariya suna jiran a jefa musu ayaba. Kada a ba su, kada kuma a sauke gilashi da leda a hannu.

A gindin dutse sai Wadi Nu'uman, inda Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka jawo ruwa zuwa Arfa. Nan ne za ka cire rigar sanyin da ka sa da safe. Sauran tafiyar, a wuce Makka a miƙe yamma kilomita saba'in da wani abu, titi ne lafiyayye, ba abin faɗi.

To, ga inda nake son mai karatu ya natsu. Mutumin Ɗa'if bai yi wata dabara ba kafin ya sami sanyi, tudu ne ya ba shi kyauta. Mutumin Jidda kuwa yana zaune daidai da teku, ba kogi, ba inuwa, ga zafi mai danshi wanda zufa ba ta bushewa a jiki. Dole ya gina sanyinsa da hannunsa, kuma yadda ya yi hakan shi ne abin kallo mafi girma a birnin. Ba kantunan zinare ba ne, ba kuma maɓuɓɓugar Sarki Fahad ba, ko da yake tana harba ruwan teku sama da mita 300 kuma ta cancanci a tsaya mata minti goma da daddare. A yi sallah a masallacin Rahma da aka kafa kan ginshiƙai cikin ruwa, a sha iska a bakin teku, sannan a nemi mai tasi a ce masa Balad.

Balad shi ne tsohon gari. Halifa Usman ɗan Affan ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, a madadin Shu'aiba. An rushe ganuwarta a 1947, kuma a 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Game da sunan garin, za ka ji ana rantsuwa cewa daga "jadda" ne, wato kaka, saboda Nana Hauwa'u tana kwance a can. Akwai maƙabarta mai sunanta, haka ne, amma babu wani ingantaccen dalili da ya tabbatar da kabarin, kuma malaman lugga da dama sun karanta sunan "Judda", suna danganta shi da gaɓar teku. Labari mai daɗin ji ba shi ne hujja ba.

Ka shiga lungun unguwar Mazlum ko ta Sham, ka nemi bangon da shafensa ya ɓare, ka sa hannu. Dutsen fari-fari ne, mai ƙaiƙayi, duk huda-huda kamar soso, wani wurin har za ka ga zanen ƙwanso a jikinsa. Murjani ne. Ba jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ba, danginsa ne dai: wasu ƙananan halittun ruwa ne suke gina wa kansu gida da alli, su mutu, wasu su ɗora a kai, har ya zama dutse. A da ana haƙo shi a bakin gaɓa, ana kiransa manƙabi, a sare shi kamar tubali, a haɗa da laka. Ba shi da nauyi, kuma iskar da ke cikin hudojinsa ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Aibinsa shi ne rauni. To yaya aka yi gida mai hawa huɗu ko biyar da dutsen da ƙusa ke iya kankarewa? Dubi bangon da kyau, za ka ga bayan kowane 'yan layuka an shimfiɗa katako a kwance, ya zagaye ginin kamar ɗamara. Shi ke raba nauyi, shi ke hana tsaga ta yi nisa idan ƙasa ta motsa. Har ma magini kan iya tokare katakon, ya zare ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashi, ya sa sabo, mutanen gida na sama suna cin abincinsu. Daga waje kuma a shafe da farar ƙasa, wadda ke barin bango ya yi numfashi. Waɗanda suka zo daga baya suka yaɓa siminti suna ganin gyara suka yi, alhali danshi suka kulle a ciki, dutsen ya riƙa narkewa a ɓoye.

Sai rawashin, ɗaya roshan: tagogin katako da suka turo kai waje daga jikin bango, wasu tun daga hawa na ɗaya har ƙololuwa, an yi musu sassaƙa da raga-raga. Kusan duk wanda ya nuna maka su zai ce an yi su ne don mata su ga waje ba a gan su ba. Sun yi wannan aikin, ban musa ba. Amma idan sutura kaɗai ake nema, ai bango ya fi arha. Me zai sa attajiri ya sayo katako daga Indiya da Jawa, a garin da ba ya da kurmi, ya rufe rabin fuskar gidansa da shi? Iska yake saye. Zafi iri biyu ne, kuma mu a nan mun fi sanin ɗaya. A busasshen zafi irin na Kano ko Agadas, dabara ita ce kauri: bangon ƙasa, ƙaramar taga, a tsare sanyin dare a cikin ɗaki. A zafi mai danshi dare ba ya yin sanyin da za a adana, abin da jiki ke roƙo shi ne iska mai motsi. Iskar Jidda galibi daga arewa da arewa maso yamma take busowa, don haka aka yi gidaje dogaye su tare ta, aka matse lunguna su yi wa juna inuwa, roshan kuma ya fito waje yana kamo ta ta gaba da ta gefe, ragarsa na tace hasken rana. Cikinsa akwai dakalin da mutum zai zauna ko ya miƙe ya yi barci. A da, a bakinsa ake jera tulunan ruwa na yumɓu, iska na bi ta kansu. Aikin randa ne da kowace uwa ta sani, sai dai randa a Jidda ba ta sanyaya ruwa sai an kai ta inda iska ke wucewa.

Ruwan kansa wahala ne a garin. Har sai da Turkawa suka kafa injin tace ruwan teku a farkon ƙarni na 20, mutane suka sa masa suna kindasa. Wannan ne zai sa ka gane darajar bishiyar da ke ƙofar gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, lokacin da buɗe mashigin Suwes a 1869 ya cika aljihun fataken Jidda. Darbejiya ce, irin wadda awaki ke kwana ƙarƙashinta a kowace unguwa tamu. Amma ana ba da labarin cewa a da ita kaɗai ce bishiya a cikin gari, har masu aiko da wasiƙa kan rubuta "gidan da ke da bishiya" kuma saƙo ya iso. Matakalar gidan faffaɗa ce, marar tsayi, an ce don raƙumi ya iya hawa da kaya har sama. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925. Na daɗe tsaye a inuwar bishiyar nan ina lissafin tulu nawa aka hana baki aka zuba mata kafin ta kama ƙasa.

Murjanin da ya gina garin shi ne kuma ya tsare shi. A gaban tashar akwai duwatsunsa jere a ƙarƙashin ruwa, sai ta wata karkatacciyar hanya jirgi ke shiga. A 1517 jiragen yaƙin Fotugal ƙarƙashin Lopo Soares suka zo da nufin cin Jidda. Suka tarar da ganuwar da Husaini al-Kurdi ya gina 'yan shekaru kafin nan, ga kuma igwoyin Salman Ra'is, mai tsaron garin, sun auna bakin mashigar. Jirgin da zai shiga dole ya yi ta juyawa a hankali a gaban wuta. Suka juya ba su sauka ba. Saboda waɗannan duwatsu ne ma alhazan da, har da namu da suka ratso Sudan, ba sa sauka kai tsaye daga babban jirgi, sai an kwaso su da ƙananan kwale-kwale.

Da yawa daga cikin alhazan nan a Sawakin suka shiga ruwa, a ɗaya gaɓar Bahar Maliya, kuma Sawakin da irin wannan dutse da irin waɗannan tagogi aka gina ta. Da Turawan Ingila suka buɗe sabuwar tasha a Fot Sudan a farkon ƙarni na 20, fatake suka tashi, aka daina shafa wa bangaye farar ƙasa, gishiri ya shiga. Yau yawancin tsibirin da tsohon garin Sawakin yake kai tarin farin dutse ne. A Balad ma za ka ga gidajen da suka karkata, an tokare su da ƙarafa, kusa da waɗanda aka gyara aka yi wa rawashinsu fenti kore ko shuɗi. Ka je bayan la'asar, lokacin da iskar teku ta taso. Idan ka sami gidan da aka buɗe wa baƙi, ka hau hawa na uku, ka roƙi mai gadi ya kashe na'urar sanyaya ɗaki ya ɗaga maka murfin roshan ɗaya na ɓangaren arewa, ka zauna a dakalin.